Crisis Core da Maroƙan da Ba Su Riƙe Na'ura Ba

Akwai wani bawan Allah da ya ɗauki makonni yana cika mana kunne da cewa Crisis Core: Final Fantasy VII shi ne wasan faɗa mai labari mafi inganci da aka taɓa yi wa na'urar hannu, kuma wai duk wanda ya ga aibinsa, ko dai bai san wasa ba, ko kuma hassada ce take cinsa. Ba zan kama suna ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Waɗanda suka saba karanta shi sun san salonsa: manyan kalmomi, hotunan da kamfani ya fitar don talla, sannan babu ko jimla ɗaya da ke nuna cewa yatsunsa sun taɓa gajiya a kan maɓallan. Tun da ya ce a kawo hujja, ga ta nan, amma masu karatu nake kawo wa.

Kamfanin Square Enix ya fitar da wasan a Japan a watan Satumba na 2007 a kan PSP, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Sony, ya isa Amurka da Turai a 2008. Shekara goma ke nan bayan Final Fantasy VII na 1997, wasan da ya shiga zuciyar miliyoyin mutane, kuma sabon ya zo ne da labarin Zack Fair, sojan kamfanin Shinra da a wasan farko ba a ganinsa sai cikin tunanin abin da ya wuce. Saboda haka mutane da yawa sun gama yanke shawarar son sa tun kafin su ɓare ledar faifan. Wannan ba laifi ba ne ga mai wasa don nishaɗi. Laifi ne ga wanda ya naɗa wa kansa rawanin alƙalanci, ya zauna yana raba wa wasanni maki, alhali tsohuwar soyayya ce take riƙe masa alƙalami.

Yabon gwani ya zama dole, kuma ba zan tauye wa wasan haƙƙinsa ba. A ƙaramin allon PSP, fuskoki da motsin jiki sun fito da kyau ƙwarai, hotunan bidiyon da ke tsakanin babi da babi sun kai a tsaya a kalla, kiɗan da Takeharu Ishimoto ya tsara kuwa ya dace da halin jarumin. Shi kansa Zack, mai fara'a da rawar kai, wanda ke girma a gaban idon mai wasa har ya gane irin gidan da yake yi wa bauta, yana cikin jaruman da suka fi shiga rai a jerin wasannin gaba ɗaya. Gwanin namu ya tsaya a nan, kuma duk waɗannan abubuwa ne da mai kallon bidiyo a YouTube zai iya gani ba tare da ya taɓa na'ura ba.

Wanda ya riƙe na'urar ya san yadda faɗan yake. A ƙasan allo akwai jerin umarni, ana zagaya shi da maɓallan L da R, a danna X domin a aiwatar, akwai maɓallin kaucewa, akwai na kare kai. Da zarar an danna sara, Zack da kansa yake rugawa wurin abokin gaba, kuma idan an zagaya ta bayansa, saran ya fi yin illa. A mafi yawan faɗan da ke kan hanyar labari, wannan shi ne dabarar gaba ɗaya: a zagaya baya, a danna X, a sake dannawa, a mirgina gefe idan an ga hari na zuwa. Mutum yana iya ratsa babi guda bai ji buƙatar sauya salo ba. Har ma wata murya tana sanar da fara faɗa da ƙarewarsa a kowane karo, ko da faɗan bai kai daƙiƙa goma ba, kuma wanda ya ji ta sau ɗaruruwa ba zai rubuta dogon sharhi ya manta da ambatonta ba. Malaminmu bai ambace ta ba.

Abin da ya fi komai raba kan masu wasa shi ne tsarin da aka kira DMW, kuma a nan ne shirun nasa ya fi tona masa asiri. A kusurwar allo ta sama akwai layuka uku da ke juyawa kamar injin caca, ɗauke da lambobi da fuskokin mutanen da Zack ya sani. Mai wasa ba ya juya su, ba ya tsayar da su. Idan fuskoki uku suka yi daidai, sai faɗa ya tsaya cak, allo ya cika da hoton wani babban hari da ba kai ka zaɓe shi ba, wani lokaci a kan ƙaramin dodon da sara ɗaya ya isa ya gama da shi, kuma a fitowar asali babu halin tsallakewa. Ƙarin matakin ƙarfi ma sai lambobi 777 sun jeru. Gaskiya ne cewa wasan yana lissafa gogewar jarumin a ɓoye, ba sa'a zalla ba ce, amma abin da mai wasa yake ji a hannunsa shi ne cewa ladan wahalarsa yana jiran izinin wani abu da ba shi da iko a kansa. A wasan da ake tallata shi da sunan faɗa, ƙwace linzami daga hannun mai wasa a tsakiyar gumurzu ba ƙaramin aibi ba ne da za a share da kalmar “ƙirƙira”.

Ya kuma yi ta alfahari da cewa wasan yana da ayyukan gefe har 300, kamar yawa shi ne inganci. Tsarinsu ya dace da na'urar hannu, wannan kam haka ne, domin ana shiga ne daga wurin ajiye wasa, a gama cikin 'yan mintoci. Sai dai kusan dukkansu abu ɗaya ne: a jefa ka cikin kogo ko dogon lungu da ka riga ka gani, ka nemo dodon da ke tsaye a ƙarshe, ka kashe. Waɗanda suka daɗe a ciki har sun koyi tafiya manne da bango, domin faɗa yakan tashi ne idan an bi tsakiyar hanya. Idan masu son wasa da kansu suna neman dabarar guje wa faɗansa, ai magana ta ƙare. Haɗa Materia biyu, wato duwatsun da ke ba jarumi sihiri da dabarun faɗa, don samar da sabuwa shi ne ɓangaren da ke da zurfi na gaske, amma sai an yi nisa cikin waɗannan ayyuka masu maimaita kansu kafin a ga amfaninsa. Game da Genesis kuwa, babban abokin gaban Zack a labarin, wanda ba ya buɗe baki sai da baitin waƙa, ba zan ɓata tawada ba.

Abin takaici shi ne wasan yana da wuri ɗaya da ya cancanci duk wani kirari, kuma mai kirarin bai gan shi ba. A faɗan ƙarshe, lokacin da Zack ya tsaya shi kaɗai gaban rundunar Shinra, wannan DMW ɗin da ya daɗe yana gundurar mai wasa sai ya fara lalacewa. Fuskokin abokai suna bayyana suna gogewa ɗaya bayan ɗaya yayin da raunuka ke ƙaruwa, har ya rage tunanin masoyiyarsa Aerith kaɗai, kai kuma kana ta danna maɓalli duk da ka san tun daga wasan 1997 cewa ba za a tsira ba. A nan ne Hajime Tabata, wanda ya jagoranci aikin, da mutanensa suka mayar da abin wasa ya zama labari, kuma ba a jin nauyinsa sai an sha wahalar layukan nan tun daga farko. Shi gwanin namu ya ce ƙarshen “yana sa kuka”, ya wuce. Haka duk wanda ya kalli minti goma na ƙarshe a intanet zai ce.

Da'awar cewa babu kamarsa a na'urorin hannu ma ba ta jure bincike. A kan wannan PSP ɗin akwai Monster Hunter Freedom Unite, inda kowane sara yake da nauyi da lokacinsa, kuma wanda ya yi gaggawa shi dodo zai tattake. A kan Nintendo DS akwai The World Ends with You, wanda shi ma ya fito a 2007 daga Square Enix ɗin nan, ya tilasta wa mai wasa yin faɗa a allo biyu a lokaci guda. Mutum yana da 'yancin fifita labarin Zack a kansu, amma ba ya da hujjar cewa faɗan Crisis Core ya fi nasu zurfi, sai idan bai taɓa su ba su ma.

Kamfanin da ya yi wasan ma ya fi maroƙinsa gaskiya. Da aka sake fitar da shi a Disamba 2022 da sunan Reunion, an ba mai wasa damar ajiye babban harin da DMW ta ba shi har zuwa lokacin da ya ga dama, an ba shi damar tsallake hotunan, an ɗora sihiri a kan maɓallan da ake isa gare su nan take maimakon zagaya jeri, an kuma sa faɗan ya fi sauri. Ba a gyara abin da ba shi da lahani. Waɗanda suka yi wasan sun zauna sun duba aikinsu bayan shekara 15, sun taɓa daidai wuraren da aka ce duk mai ƙorafi a kansu ɗan hassada ne. Ina jiran in ga ko za a sa Square Enix ma cikin jerin mahassadan, ko kuwa za a goge tsohon rubutun a hankali.