Ku Faɗa wa Ƙannenku Kafin Waya Ta Faɗa Musu

'Yan'uwana matasa, musamman malaman sakandare da masu baiwar zane, ku ɗan yi lissafi. Yaron da ke ƙaramar sakandare yau, ranar da bama-baman Boko Haram suka girgiza Kano, 20 ga Janairun 2012, ko yana goye ko ma ba a haife shi ba. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, a bakin mutane yake tsintar labarinsu. Mu da muka riƙa sauka daga babur muna turawa a shingen sojoji mun ja bakinmu mun tsuke, wai kada a fama miki. To shirun namu bai hana shi ji ba. Yana ji a WhatsApp, a bidiyon da ba a san wanda ya haɗa ba.

Amurkawa ma sun sha fama da wannan. Rahoton binciken harin 11 ga Satumban 2001 ya fito a 2004, shafi sama da 500. Wane ɗan shekara 15 ne zai zauna masa? A 2006 Sid Jacobson da Ernie Colón suka mayar da shi labari cikin zane. Sun jera jiragen sama huɗun da maharan suka sace layi-layi, kowanne da lokacinsa, ta yadda yaro zai bi da yatsa ya ga abin da ke faruwa a wannan jirgi sa'ilin da wancan ke faɗuwa. Malaman can suka shiga da shi aji.

Me ya hana mu yin namu?

Amma don Allah a kula, zane na da haɗari. Ka zana mutum da rufaffiyar fuska da bindiga a kafaɗa, ya cika shafi, wallahi jarumi ka ba yaro. Ku ba mai shayin da aka ƙona wa rumfa babban shafin, da uwar da ke jiran 'yarta, da 'yan kato-da-gora da suka tashi a Maiduguri a 2013. Ku nuna yadda Boko Haram ta riƙa jan samari, wani da wa'azi, wani da bashin jari, wani da bakin bindiga.

Malam, kai ma kada ka miƙa littafi ka fice. Ka fara karantawa. Wataƙila a bencin baya akwai wanda a sansanin gudun hijira ya tashi, ka tambaye shi a keɓe ko zai iya zama darasin.