Akwai kuɗin dashe, ina kuɗin reno?

Makon jiya na je gida ta'aziyya. A hanyar dawowa na tsaya bakin filin da aka yi bikin dashen itatuwa shekara uku da suka wuce. Allon yana nan daram, da sunan shirin da tambarin waɗanda suka ba da kuɗi, fentinsa ko ƙwarzane bai yi ba. Bishiya kuwa bakwai na ƙirga, duk darbejiya.

Ranar bikin ina wurin. An kafa rumfuna, an zo da makaɗa, manya suka naɗe babbar riga kowa ya tsuguna ya dasa ɗaya aka ɗauki hoto. A ƙarshen Satumba fa, damina tana ban kwana. Ba shinge, ba wanda aka ɗauka ya riƙa ban ruwa. Ana gama kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, awaki suka ci rabonsu.

Ni ba na cikin masu cewa tallafin nan duk ƙarya ne. Kuɗi na shigowa. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi daga Senegal zuwa Jibuti, kuma jihohinmu 11 na cikinsa, daga Sakkwato da Kebbi har Borno da Adamawa. A Janairun 2021 aka yi wa shirin alƙawarin sama da dala biliyan 14 a taron Paris. A ƙarshen 2021 ɗin Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na ACReSAL, wani shirin farfaɗo da ƙasar noma, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ma rance ne da jikokinmu za su biya, kada a manta. Abin da ke damuna shi ne me ake saya da kuɗin. A irin ayyukan da na gani da idona, abin da ake ƙirgawa a rahoto shi ne yawan irin da aka raba da yawan waɗanda suka halarci bita a otal. Ɗan kwangila ya kawo dashe a leda, an sa masa hannu, an biya shi. Watan Afrilu, lokacin da rana ke dafa ƙasa, ba ya cikin kwangilar kowa.

Ku tsallaka Maraɗi ku gani. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, har ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sassabe toho ne na kututturen da saiwarsa ke raye a ƙasa. Sai aka koma barin reshe biyu uku masu ƙarfi, a datse sauran. Sassaben zamani, haka manoman can suka sa masa suna. Ba leda, ba tankar ruwa, sai adda da haƙuri. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya fili kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itace a kudancin Nijar, bishiya wajen miliyan 200. Wanda ya bi ta ƙasar Matamaye da Magarya ya ga gawo tsaye cikin gero ya san ba labari ba ne. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake kakkaɓe ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani ya yi kore ya zubo wa tumaki 'ya'ya.

Abin da ya tayar da wannan aiki, a nawa ganin, shi ne manomi ya samu tabbacin itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba don ya sare reshe. Filin gwamnati da aka kafa wa allo kuwa na kowa ne, na kowa kuma shi ne wanda ba a ba shi ruwa.

Da ni ake shawara, da an raba kuɗin gida biyu. Kaɗan ranar dashe, mafi yawa sai bishiya ta ga rani biyu tana raye, kuma a hannun mai gonar ko matan unguwar da suka yi ta jido ruwa. A bar mutane su zaɓi abin da suke so. Matar da aka ba zogale da kuka da mangwaro a bayan ɗakinta ba sai an yi mata wa'azin muhalli ba.

Haka zancen yake a lambu. Manomin tumatir a Kadawa ko na albasa a Aliero ya iya noma tun kafin a haifi mai koyar da shi. Asararsa tana zuwa ne bayan girbi, ranar da kwando ya cika kasuwa ya rasa inda zai adana. Amma fom ɗin neman tallafi da Turanci yake, a intanet, yana neman rajistar ƙungiya da asusun banki. Wa kuke jin zai cike?

Na tambayi yadda bakwai ɗin nan suka tsira. Ashe wani mai shayi ne ya kafa tebur a gefen. Shi ya kewaye su da ƙayar magarya don yana son inuwa, kullum kuma yana juye musu ruwan wankin kofi. Na ce, "Baba, masu shirin sun san da kai?" Ya yi dariya ya ce sun taɓa dawowa sau ɗaya, suka roƙe shi ya ɗan matsar da teburin za su ɗauki hoto.