Haƙoran roba: kwana da su ba ya sa dasashi ya saba

Na gaji da jin ana cewa wai idan haƙoran roba suna yi wa mutum gyambo, ya daure ya riƙa kwana da su, dasashi zai saba. Maganar tana da tushe, domin a makonnin farko baki yakan ɗan yi tsami kafin ya karɓe su. Amma gyambo wani abu ne dabam.

Bayan an cire haƙori, ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da raguwa a hankali. Robar da ta zauna daram bara sai ka ga bana tana motsi, tana gogar wuri ɗaya duk lokacin tauna, kamar takalmin da ke cin dunduniya. Kwana da ita kuwa yana hana dasashi hutawa, kandida, wata ƙwayar cuta dangin funfuna, ta samu ɗumi da danshi a ƙarƙashi, ganɗa ta yi ja.

A cire su da dare, a goge da buroshi mai laushi, a jiƙa a ruwan sanyi. Tafasasshe yana lanƙwasa su. Gefen da ke cizo, likitan haƙori ne zai daidaita shi, kada a kankare da reza. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai masa ya duba.