Farar riga ɗaya, aiki biyu

A Jidda, yaro na cewa aikinsa bincike a ɗakin gwaje-gwaje, sai dangi su ce, "To, mai awon jini ne a asibiti." Abin yana damuna, amma ba laifinsu ba ne, rigar iri ɗaya ce.

Mai awon jini cutar da aka sani yake nema, sakamako ya fito gobe. Mai bincike kuwa abin da ba a sani ba yake farauta, yakan shekara yana maimaita gwaji ɗaya. A 2012, nan Jidda, kakin wani majiyyaci bai nuna komai ba a gwaje-gwajen da aka saba. Wani mai binciken ƙwayoyin cuta, Dakta Ali Muhammad Zaki, ya ci gaba da tono har ya gano ƙwayar MERS, wata cutar numfashi, wadda daga baya aka danganta da raƙuma.