Laifin Rashawa kaɗai ake gani a Phuket?

Wani ya rubuta wai mutanen Phuket, tsibirin yawon buɗe ido na ƙasar Tailan, sun gaji da 'yan Rasha amma Turawan Ingila su ne baƙin kirki, haba dai, mai rubutun nan ya taɓa jin labarin titin Bangla mai cike da mashayu da ke unguwar Patong a tsibirin da daddare kuwa? Su waye ke buguwa suna dambe a can shekara da shekaru tun kafin Rashawa su cika garin? Gaskiyar magana ɗan Ingila yakan zo hutun sati biyu ne ya kashe kuɗinsa ya koma, ko tsoho ne ɗan fansho ya zauna shiru, su kuwa Rashawa tun da aka fara yaƙin Yukiren a 2022 zuwa suka yi da iyali su zauna, suka sayi gidajen bene haya ta yi tsada, har ƙaramin ofishin jakadanci Rasha ta buɗe a tsibirin a 2023. Abin da ya fi ƙona wa 'yan ƙasa rai shi ne sana'a, dokar Tailan ta hana baƙo aikin jagoran masu yawon buɗe ido da tuƙin tasi, amma sai ka ji ana kama wasu Rashawa suna yi wa 'yan uwansu ta manhajar Telegram, kuɗin ba ya shiga hannun ɗan gari. Kai kuma mai cewa wai a kori Rashawan duka, to wa ya ba su izinin zaman kwana 90 babu biza a 2023, kuma wa ke ba da aron sunansa a buɗe kamfani a sayi fili tunda baƙo ba ya mallakar ƙasa a can?