Maigida, Kafin Ka Kai Hatsin Nan Kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kaka ta yi, alhamdu lillahi. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, mata da yara suna ta roron wake. Maganata yau da iyayenmu magidanta ce, masu gandu, waɗanda Allah Ya ɗora wa mata biyu, uku, har huɗu, ga 'ya'ya ga jikoki duk a tukunya ɗaya. Ba don na fi ku sani ba. A irin gidan nan na tashi, shi ya sa abin yake damuna.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, matansa uku. Ranar da aka gama kwaso dami daga gona, ba ya bari a jefa ko ɗaya a rumbu sai an ƙirga a gabansa. Tara nan, na goma can gefe. Idan muka matsa kusa da na gefen sai ya ce, "Ku bar shi, wannan ba namu ba ne." Sai da na yi karatu na gane aya ta 141 ta Suratul An'am yake aikatawa, inda Allah Ya ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa, hadisi kuma ya fayyace adadin: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa, in dai amfanin ya kai nisabi. Daga nan sai ya cika rumbu guda, ya sa a liƙe bakinsa da laka. Ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka an yi shuka. Kuma wannan ma sunna ce, domin ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan sayar da dabinon gonakin Banu Nadir, ya ajiye wa iyalansa abincin shekara guda.

To yau fa? Hatsi bai gama shan iska ba an sussuke, an ɗura a buhu, an yi kasuwa da shi a lokacin da ya fi kowane lokaci araha. Kuɗin me? Kuɗin lefe. Malam zai ƙara aure. Ban ce aure haramun ne ba, wa ya isa? Amma ayar da ta halatta biyu da uku da huɗu, ita ce dai ta ce in kun ji tsoron ba za ku yi adalci ba, to ɗaya. Sai a sha biki da kaka, a ci a yi hani'an. Watan Yuli na kamawa rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, a watan Agusta kuwa, ana tsakiyar marka, maigida ya koma sayen tiya-tiya da tsadar da ta ninka wadda ya sayar. In ma ya saya ke nan. Wani da asuba zai saɓa fartanya ya fice, ba awo ba cefane, ya bar mata da yara suna kallon juna.

Wa ke rufa asirin gidan a wannan lokaci? Uwargidan nan da aka daina shiga ɗakinta da fara'a. Ita za ta soya ƙuli-ƙuli, ta ɗauki adashinta, ta sayar da akuyar da ta shekara biyu tana kiwo, don kada a ji kukan yara a maƙwabta. Wani maigidan ma da kansa zai kwance akuyar ya kai kasuwa, wai ai a gidansa ta ci dusa. Baba, ka ji tsoron Allah. Ciyarwa a wuyanka take. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta. Akuyarta tata ce, haka gyaɗar da ta noma a gayaunarta. In ta ba ka da daɗin rai ka ci, in rance ne ka biya.

Sai maganar awo, wadda ta fi ci mini rai, don zaluncin cikinta a ɓoye yake. Bakin da ke ci a gidan bai canja ba, mutum ashirin jiya, mutum ashirin yau. Amma ranar girkin mowa tiya har tana zuba, ga nama an ƙunso daga kasuwa, ga manja. Kwana biyu na wucewa girki ya faɗo kan bora, sai a shafe bakin tiya da tafin hannu, a ce ta yi dabara da kuka da daddawa. Tuwo ya kasa, miya ta yi lami, a taru a ce ba ta iya girki ba. Ita ta yi surfe, ta yi bakace, ta sha hayaƙin ɗanyen itace, kuma ita ta kwana da zagi. 'Ya'yanta suna gani. Gobe in ka kwanta dama, su ne za su tsaya gaban alƙali da 'yan'uwansu a kan gonar da ka ce gandu ce.

Annabi (SAW) ya ce wanda yake da mata biyu ya karkata ga ɗaya, zai zo ranar ƙiyama ɓarin jikinsa a karkace. Son zuciya ba a hannunka yake ba, Allah Ya san wannan, shi ya sa aya ta 129 ta Suratun Nisa'i ta ce kada ku karkata dukkan karkata ku bar ta kamar wadda aka rataye. Amma kwana da awo da tufafin salla, waɗannan a hannunka suke.

Ku ma iyayenmu mata, wadda take jin daɗin an tauye kishiyarta ta tuna ita ma uwargidan an taɓa kiran ta amarya.

Kwanon awon kakana ɗaya ne, wani tsohon kwanon sha mai lotsattsen gefe, a rataye a bakin rumbu. Ba ya aika yaro. Da kansa yake tsugunawa ya auna, kuma a tsakar gida yake yi, sauran matan biyu suna zaune suna gani.