Garin neman ƙiba: nasiha ga ƙannena ƴan matan Damagaram

Ranar Talatar da ta wuce na je asibiti duba ɗiyar maƙwabcinmu, wadda aka ɗaura wa aure bara. Na tarar da ita kwance an sa mata robar fitsari, fuskarta ta kumbura ta yi zagaye kamar faifai, hannuwa da ƙafafu kuwa sun tsotse. Mahaifiyarta ta ja ni gefe tana hawaye, ta ce tun kafin biki yarinyar take shan deksametazon, ƙwayar da take saye wurin masu yawo da magani a faranti, domin kada dangin miji su ce an kawo musu amarya ramammiya.

Ƙannena, wannan ƙwaya magani ce mai ƙarfi da likita yake bayarwa a kan awo, ga mai asma ko kumburin gaɓoɓi, kuma yana ƙidaya kwanakin shanta. Idan aka daɗe a kanta takan tayar da sugan jini, sugan ya zubo cikin fitsari ya zama abincin ƙwayoyin cuta, alhali ita ƙwayar ta riga ta karya garkuwar jikin da za ta yaƙe su. Daga nan sai bangon mafitsara ya yi ta kumburi, fitsari ya riƙa fita da zafi, wani lokaci har da jini, kuma idan ciwon suga ya zauna yakan lalata jijiyoyin mafitsarar har ta kasa matse fitsarin duka, ragowar ya kwanta, cutar ta haura zuwa ƙoda. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar tana danne zazzaɓi, sai mace ta ɗauka lafiyarta ƙalau, ɓarna kuwa tana ci a ciki.

Duk wannan a kan me? A kan zane ya zauna a ƙugu ranar kamu! Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Yarinya ta haɗiye biyu da safe, biyu da dare, ƙawa ta ba ƙawa, wata ma uwarta ce take aiken a sayo. Ga man canza fata, wanda da yawansa dangin wannan maganin ne a ciki, ana mulka shi a jiki, samari kuma suna gefe suna yaba kumburi suna kiransa cika.

Wadda ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya daina sarrafa nasa sinadarin mai aiki irin na wannan ƙwaya, yankewar farat ɗaya tana iya kisa; ta je wurin likita ya rage mata sannu a hankali.

A da, idan aure ya matso, goggo ce take zaunar da yarinya a ɗaki da fura da nono da kunun gero, tana lura da ita dare da rana, kuma ba a jin kunyar kai siririyar amarya ɗakinta. Yanzu goggon tana kallo ana buɗe ƙullin ƙwayoyi a tsakar gida, ba ta ko tambayar mene ne a ciki.